Wayarin ƙaramar tirela a bayan akori-kura: kurakuran da na gaji da gyarawa

Cikin makon jiya kaɗai Hilux uku aka kawo mini gareji a Kurmin Mashi, kowacce da ƙaramar tirela a bayanta, kuma ciwonsu kusan ɗaya. Ɗaya tankin ruwa take ja zuwa wajen gini, ɗaya janareta, ta ukun kejin ɗaukar raguna. Ba babbar tirelar Legas nake nufi ba, ƙaramar nan mai taya biyu da masu walda ke ƙerawa a Panteka, a maƙala ta a ƙugiyar bayan akori-kura. Duk ukun wani rewaya ya riga ni taɓa su, kuma duk ukun sai da na tsinke aikin na soma daga farko. Na gaji da yi wa yara faɗa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wayar at, wato wayar da ke mayar da wuta batir, domin ita ce ta taɓa jefa ni cikin bashi. Wutar da ta fito daga batir dole ta koma batir, in ba haka ba fitila ba za ta kama ba. A jikin mota ƙarfen shasi ne hanyar komawarta. Ita kuwa tirela ba jikin motar ba ce, baƙuwa ce aka rataya mata. Sai yaro ya ja wayar sigina, ya ja ta birki, ya ja ta danja, wato jar fitilar baya da ke zama a kunne da dare, in ka tambaye shi ina at, ya nuna maka ƙugiya ya ce, "Oga, ai ƙarfe na taɓa ƙarfe." Ya gwada a gareji, komai ya kama tas, ya karɓi kuɗinsa. Abin da bai sani ba, wannan ƙugiyar akwai fenti a kanta, akwai tsatsa, akwai giris da ƙurar hunturu ta daskare a ciki, kuma da zarar an hau gargada tirelar tsalle take yi a kanta. Yanzu ta taɓa, an jima ta saki.

Alamar ba ta ɓuya. Ka sa sigina sai fitilun baya duka su riƙa ƙiftawa tare. Ka taka birki sai siginar ta ɗauke, ko hasken ya yi dishi-dishi kamar aci-balbal. Dalili shi ne ƙwan baya mai zare biyu ne, ɗaya wat 21 na birki, ɗaya wat 5 na danja. In wuta ta rasa hanyar komawa sai ta kutsa ta cikin ɗayan zaren tana neman mafita, ta kunna abin da ba a ce ta kunna ba. Masu mota sukan ce aljanu ne suka shiga wayarin, alhali waya ɗaya ce aka yi wa rowa.

Shekarar da maigidana ya yaye ni, Allah ya jiƙansa, wani Alhaji mai gona a hanyar Zariya ya kawo mini akori-kurarsa in haɗa wa tirelarsa fitila. Ni ma irin wannan wayon na yi, na bar at a ƙugiya, har ina jin daɗin na rage waya. Bayan kwana tara, cikin watan Agusta, direbansa ya taso da dare ana tsuga ruwa, ya ɗauko takin zamani. Sun wuce Maraban Jos kaɗan ya taka birki saboda rami, fitilun tirela ba su kama ba, su kuma na motar buhunan taki sun tare su. Wata bas ta zo ta daki tirelar daga baya. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma gaban bas ya lotse, taki ya watse a kwalta ruwa ya tafi da shi, direba ya kwana a bayan kanta. Da gari ya waye Alhajin ya zo garejina, bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Yaro, da dukiyata ka yi wasa ko da ran mutane?" Na rasa bakin magana. Sai da maigidana ya sa babbar riga ya je har gida ya ba da haƙuri, sannan aka yarda in biya gyaran bas kaɗai. Wata biyar ina biya. Da na je ganin tirelar na ɗora testa a ƙugiyar, ko ƙyas.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Farar waya mai kaurin milimita 2.5 nake ja daga soket ɗin da ake jona filogin tirela kai tsaye zuwa shasin mota. Shasi na ce, ba bodin ɗaukar kaya ba, don bodin a kan robobi da fenti yake zaune, ba abin dogaro ba ne. In kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, in sa wa wayar kan zobe, in ɗaure da noti da washa, sannan in shafe saman da giris don kada ruwa ya ci. A ɓangaren tirela kuma kowace fitila sai na kai mata tata wayar at, ba na barin ko ɗaya ta dogara da jikin ƙarfe. Abokan sana'a da yawa suna cewa ɓarnar waya ce, a ɗaure guda ɗaya a wuyan tirela ya isa. Wataƙila ya isa a tirelar kamfani. Amma tirelar da aka yi wa walda a bakin titi aka malala mata fenti kafa uku, ni ban yarda da jikinta ba.

Na biyu shi ne huda bodi da rashin fiyus, kuma tare suke tafiya. Masu mota da yawa sun fi son a sa musu soket a cikin bodi, a jikin bango kusa da ƙofar baya, domin wanda ke ƙarƙashin bamba hanyoyin ƙauye ke farfasa shi. Shawara ce mai kyau. Amma don Allah kafin ka ɗora injin huda, kwanta a ƙasa ka haska tocila. Ƙarƙashin bodin nan akwai tankin mai, akwai bututun da ake zuba mai, akwai siraran bututan birki, ga kuma damin wayoyin motar kanta. Wani yarona ya taɓa huda bango bai leƙa ba, bakin injin ya zarce ya tsaga robar bututun mai. Sai da mai motar ya je gidan mai ya ga fetur na bin taya sannan muka sani. Yanzu robar tiyo nake zura wa bakin injin, in bar tsinin da bai wuce faɗin yatsa ba, ko hannu ya zame ba inda zai je.

In ka huda, bakin ramin nan reza ne. Ka goge shi, ka ɗiga fenti, ka sa masa zoben roba kafin waya ta wuce. In ba ka samu zoben ba, yanki tiyo ka tsaga shi ka lulluɓe bakin. Waya tsirara a ramin ƙarfe tana iya yin wata uku lafiya lau, girgiza na cin bawonta a hankali, rana ɗaya ta taɓa bodi. A nan ne fiyus zai cece ka, in ka sa shi, kuma in ka sa shi inda ya dace. Ina ganin yara suna jan waya daga kan batir har bayan mota, kusan mita shida, sannan su maƙala fiyus can kusa da soket. To me ya tsare? Duk tsawon wayar nan a buɗe take. Fiyus waya yake karewa, ba fitila ba, don haka mazauninsa kusa da batir ne, kada ya wuce kamu ɗaya.

Kuma ku ji tsoron Allah ku daina ɗaure fiyus da zaren waya ko takardar sigari. Wallahi duk yaron da na kama yana wannan a garejina, ranar zai tattara kayansa. Fiyus ya ƙone, maimakon ka nemi abin da ya ƙona shi, sai ka toshe bakin mai faɗa maka gaskiya? Lissafin ma ba wuya. Ƙwai biyu na birki wat 42 ne, ka raba da bolt 12, ya ba ka amfiya uku da rabi. Ka ƙara sigina da danja da fitilar lamba, duka ba su kai goma ba. Fiyus mai lamba 15 ya ishe ka har da canji. Wanda ya cusa 30 a kan siririyar waya, wayar ce za ta narke kafin fiyus ya ji zafi. Na taɓa ganin damin wayar mota ya narke tun daga bayan kujera har gaban inji a kan haka, gyaransa ya fi kuɗin tirelar.

Sai batun satar wuta daga fitilun baya. A zamanin akori-kurar Fijo da ake haɗawa a Kakuri, kana iya feɗe wayar danja ka jona ta tirela, ba abin da zai faru in ban da sigina ta canza gudu. Motocin yanzu da yawa ƙwaƙwalwa ce ke raba wa fitilu wuta, kuma an auna mata nauyin da za ta ɗauka. Ka ƙara mata ƙwai shida, ko ta kashe layin, ko ta kunna maka alama a gaban direba, ko ta ƙone gaba ɗaya. Ni a sabuwar mota rile nake sawa: fitilar mota ta ba da umarni kawai, ƙarfin wutar ya taho daga batir ta kan fiyus ɗinsa. Haka kuma in za a yi waldar ƙugiya a shasi, a cire kan batir tukuna. Mai walda ba zai tuna maka ba, ba motarsa ba ce.

Launin waya ma yana ruɗa mutane, don kayan da ke shigo mana gida biyu ne. Soket ɗin Turai mai baki bakwai tsarinsa sananne ne: na 1 rawaya siginar hagu, na 2 shuɗiya fitilar hazo, na 3 fara at, na 4 koriya siginar dama, na 5 ruwan ƙasa danjar dama, na 6 ja birki, na 7 baƙa danjar hagu. Filogin Amurka mai baki huɗu kuwa fara at, ruwan ƙasa danja, rawaya hagu, koriya dama, babu wayar birki daban, domin a can sigina da birki zare ɗaya suke rabawa. Hilux kuma siginarta daban, birkinta daban. In ka haɗa ta da tirela mai tsarin Amurka kai tsaye, ko dai ka rasa birki ko sigina ta haukace. Akwai ɗan akwatin da ke haɗe su, amma ni na fi son in sauya wa tirelar fitilu zuwa masu sigina daban da birki daban in huta. Kuma launin da ke cikin motar ba ruwansa da na soket. A Toyota fara mai baƙin layi ita ce at, sauran kuwa sai ka ɗora testa. Tirelar da aka ƙera a gida ma kada ka yarda da launinta ko kaɗan, abin da aka samu a kasuwa ranar shi aka sa.

Sauran ƙanana ne, amma su ke dawo da mota gareji. Wayar gida mai zare ɗaya ba ta mota ba ce, girgiza na karya ta a cikin bawo inda ido ba ya gani. Murɗa waya a naɗe da salatif ba haɗi ba ne, damina ɗaya ta Kaduna za ta mayar da shi kore. A liƙa da dalma a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. A nisanta waya da salansa, da sifirin, da sarƙar da ke sauke safayar taya. Ni da yankakkiyar robar tub nake ɗaure ta a jikin shasi duk bayan taki guda, ta fi igiyar roba ta kanti jure rana. Bakin soket ya ɗan kalli ƙasa, in ya kalli sama ya zama kofin ruwa. Ɗan basilin a bakunan yana hana tsatsa. Wayar da ke tsakanin mota da tirela kada ta yi ɗamau har ta tsinke a kwana, kada kuma ta yi sako-sako tana sharar kwalta. Duba jikin ƙwai kafin ka saya, na manyan motoci bolt 24 ne, a akori-kura da ƙyar za ka ga jansa da rana. Fitilar lamba kuma a sa ta, kada jami'an hanya su samu abin tsayar da kai a banza.

Gwajin ƙarshe ba na barin yaro ya yi shi shi kaɗai, kuma ba na yin sa tirela na rataye. Sai in sa a cire ta daga ƙugiya, a cire sarƙa, a tura ta baya kaɗan ta yadda babu abin da ya haɗa ta da mota sai filogi. Direba ya zauna ya tayar da inji, ni in tsaya a baya. Danja tukuna, sai siginar hagu, sai ta dama, sannan ya taka birki alhali danja da sigina na kunne, in kama wayar in girgiza ta da ƙarfi ina kallon fitilun. Hilux ukun nan na makon jiya da aka kawo su na fara yi musu wannan gwajin a gaban masu su, ana zare tirela daga ƙugiya fitilun tirela biyu daga cikin ukun suka mutu murus. Mai tankin ruwan ya daɗe yana kallon tirelarsa, sannan ya ce mini wata huɗu ke nan yana bin hanyar Kaciya da ita da dare.