Shawara ga masu rubuta labarin fim

Jama'a, ina ba ku shawara ku nemi finafinan farko a YouTube, irin waɗanda Lumiya (Lumière) da ɗan'uwansa, Faransawa biyu daga cikin waɗanda suka fara yin fim, suka nuna a birnin Faris a shekarar 1895, domin kowannensu bai kai minti ɗaya ba, ba zai cinye muku data ba. Babu magana a cikinsu, hoto kaɗai ke ɗauke da labari, kuma a ganina nan ne rubutunmu yake da rauni, saboda mun cika yawan surutu. Sannan ku zauna da dattawa, kamar yadda na yi a ƙauyenmu kusa da Ɗambatta, ku tambaye su yadda a da motar majigi, mai yawon nuna fim, take zuwa ƙofar fada da daddare, ku rubuta fitowa guda daga abin da suka tuna, ba tare da ɗan wasa ya furta kalma ba.