Kurakuran da ake tafkawa wajen auna ma'aunin Hurst a bayanan kogi

Harold Edwin Hurst, Baturen Ingila da ya daɗe yana aikin ruwa a Masar, ya lura cewa a kogin Nilu shekarun cikowa kan zo a jere, na ƙarancin ruwa ma haka. A 1951 ya fitar da ma'aunin da yau ake kira H, lambar da ke nuna yadda ruwan shekarun baya ke tasiri a kan na gaba. In H ya tsaya a 0.5, ruwan bana ba ruwansa da na bara; in ya haura haka, shekaru masu kama da juna kan zo a jere. Shi kuwa Hurst matsakaicin da ya samu kusan 0.73 ne. A 1968 Mandelbrot da Wallis suka laƙaba wa abin sunan Annabi Yusuf, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne gajeren rikodi. Mutum ya samo bayanan shekara 30, ya zuba su a lissafin R/S, wato hanyar da Hurst ya bi wajen fitar da H, kwamfuta ta ba shi 0.62, sai ya rubuta cewa kogin yana riƙe da tasirin shekarun baya. Ai ko lambobin da aka zaɓo a makance, in ba su da yawa, R/S yakan ba su fiye da 0.5. Ma'aunin ruwa na tsibirin Roda a Alƙahira yana da rikodin ɗaruruwan shekaru, naka bai kai rabin ƙarni ba. Gyaran shi ne ka yi amfani da gyaran Anis da Lloyd na 1976, wanda ke cire ƙarin da gajeren rikodi ke jawowa, ko ka cakuɗa lambobinka sau dubu, ka lissafa H kowane karo, ka ga ko na ainihin ya fita zakka.

Wanda ya fi damuna shi ne tsalle. Tun 1974 masanin ruwa Klemeš ya nuna cewa in matsakaicin ruwa ya sauya farat ɗaya, H yakan hau ko da babu wata alaƙa tsakanin shekaru. Mu nan abin a ƙofar gidanmu yake. Ruwan Sahel ya ja baya daga ƙarshen shekarun 1960, har kogin Kwara ya daina gudu a Yamai a 1985. Ga kuma madatsar Tiga ta 1974: duk tashar awo da ke ƙasanta, rikodinta koguna biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya. Ka fara zana bayanan ka dube su da ido, ka gwada su da gwajin Pettitt, mai gano inda bayanai suka yi tsalle, sannan ka tambayi tarihin tashar, ko an taɓa matsar da sandar awo.

Bayanan wata-wata kuwa, sai an cire zagayen damina da rani tukuna. Gibin shekarun da ba a auna ba, kada a cike shi da matsakaici, don yana lafar da hawa da saukar da ake son aunawa.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen. Su ɗauki gwajin Mann-Kendall na asali, mai duba ko ruwa na ƙaruwa ko raguwa, wanda ya ɗauka kowace shekara zaman kanta take, su ga p (yiwuwar ganin irin wannan sakamako ko da babu sauyin gaske) ƙasa da 0.05, su shelanta cewa ruwa yana raguwa. In H na da girma da gaske, shekara 50 ba ta kai shaidu 50 masu zaman kansu ba. Wani masani, Hamed, ya fitar da sigar gwajin da ke lissafa wannan a 2008. Ka gudanar da duka biyun, ka rubuta p na kowanne.