Kurakuran da ke buɗe wa masu kutse hanya zuwa kwamfutar shago da ta gidan abinci

Idan ka ce wa mai ƙaramar sana'a ya kula da tsaron kwamfutarsa, amsar da za ka fi ji ita ce, "Ni me nake da shi da har wani zai tsaya bin ta kaina?" Daga wannan tunanin sauran kurakuran suke tsirowa. Yawancin masu kutse ba sa zaɓen mutum da suna. Manhajoji suke saki a intanet, su yi ta gwada adireshi bayan adireshi dare da rana, duk na'urar da suka tarar da rauni su shige ta. Manhajar ba ta san ko teburi biyar ne a gidan abincinka ko rassa ɗari gare ka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma abin da ke cikin kwamfutarka ba ƙarami ba ne: bayanan katin kwastomomi, lambobin wayarsu, lissafin albashi, da hanyar shiga asusun banki.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kwamfuta ɗaya ta zama ta kowa da komai. Ita ke karɓar oda, ita ke buga rasit, ita ke riƙe lissafin kaya. Idan ciniki ya lafa, kashiya ya buɗe Facebook a kanta, wani ya sauke fim, wani ya soka filashinsa zai kwafi waƙa, wani ya jona wayarsa caji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya shigo da muguwar manhaja, kuma irin wadda aka ƙera don na'urorin karɓar kuɗi ba ta nuna kanta. Tana laɓewa ne tana kwashe lambobin kati a daidai lokacin da ake biya, ciniki kuma na ta tafiya lami lafiya. Gyaran ba ya cin ko sisi: kwamfutar da ke taɓa kuɗi, aikin kuɗi kaɗai za ta yi. A buɗe wa ma'aikata asusun da ba shi da ikon saka sabuwar manhaja, mai wurin ya riƙe babban asusun, shi ma kada ya riƙa aikin yau da kullum da shi.

Na kusa da shi, Wi-Fi ɗaya ga kowa. Kwastoma ya nemi kalmar sirri, a ba shi wadda na'urar POS da kwamfutar ofis da kyamarorin tsaro suke kai. Daga nan wayarsa, da duk abin da ke ɓoye a cikinta, ta zama maƙwabciyar injin kuɗinka. Yawancin rauta na yanzu, wato na'urorin da ke rarraba Wi-Fi, suna da wurin kunna layin baƙi daban, wanda ke ba da intanet amma ba ya ganin sauran na'urorin gidan. Aikin 'yan mintuna ne. Idan ka shiga saitin rautar, ka duba kalmar sirrin da ake shiga saitin da ita. Da yawa har yau "admin" ɗin da aka fito da su daga masana'anta ne a kansu. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rauta da ɗan jerin irin waɗannan kalmomi kusan 60 kacal, aka kuma yi amfani da na'urorin a watan Oktoba na shekarar wajen wani hari da ya hana mutane da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix. Masu kyamarorin ba su ma san da su ake aikin ba.

Akwai kuma wanda ba a cika magana a kansa ba, alhali a ganina shi ne mafi haɗari ga gidajen abinci. Wanda ya haɗa maka na'urorin, ko kamfanin da ya sayar maka da manhajar ciniki, kan saka AnyDesk ko TeamViewer ko wata makamanciyarsu domin ya riƙa gyara daga nesa ba sai ya zo ba. Abin yana da sauƙi ga kowa, shi ya sa ake barin manhajar a kunne shekara da shekaru, wani lokaci da kalmar sirri ɗaya da mai gyaran ke amfani da ita a wurin duk abokan hulɗarsa. Ranar da aka sace ta daga wurinsa, ku duka aka buɗe. A 2016 kamfanin abinci na Wendy's ya sanar cewa an sami manhajar satar bayanan kati a rassansa 1,025 a Amurka, kuma ta bayanan shiga na masu yi musu hidima daga nesa aka bi. Kafin nan, a ƙarshen 2013, an kwashe bayanan kati kimanin miliyan 40 daga shagunan Target, kuma mafarin shigar bayanan wani ɗan kwangila ne mai yi musu aikin na'urorin sanyaya wuri. Idan manya haka ta same su, to ka zauna da mai gyaranka ka tambaye shi kai tsaye: wace manhaja ka saka, wa da wa ke iya shiga, kalmar sirrin tawa ce ni kaɗai? Tsarin da ya fi shi ne manhajar ta zauna a kashe, idan gyara ya taso ya kira ka, ka kunna, ya gama ka kashe. Mai gyaran da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a fara neman wani.

Sai danna "anjima" duk lokacin da kwamfuta ta nemi sabuntawa. An fahimci dalili, ba mai son injin ya tsaya ana tsakiyar layi. Amma sabuntawar nan toshe ramukan da aka riga aka gano take yi, kuma da zarar an sanar da rami, masu kutse ma sun ji. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har da asibitocin gwamnati a Birtaniya, ya bi ta ramin da Microsoft ta fitar da maganinsa tun watan Maris. Ka saita sabuntawa ta riƙa gudana bayan an tashi aiki. Ka kuma duba wace Windows ce a kan injin: an daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Manhajar saye da aka fasa kariyarta aka saka kyauta kuwa, sau da yawa da baƙonta take zuwa.

Maganar kalmar sirri kowa ya ji ta har ya gaji, amma a wurin sana'a matsalar ta wuce gajartarta. Kalma ɗaya ce kowa ya sani, an rubuta ta a takarda an manna a jikin allo, ma'aikata sun zo sun tafi ba a taɓa canza ta ba. Idan kuɗi suka yi ɓatan dabo, ba yadda za a gane wa ya shiga. Kowa ya sami nasa asusun, ranar da ya bar aiki a rufe shi, ko da lafiya aka rabu. A 2021 ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline, har ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Asusun ba shi da tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida, kamar lambar da ke zuwa waya, bayan kalmar sirri. Ka kunna ta a imel ɗinka kafin komai, domin wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya sake kalmar sirrin kusan duk sauran asusunka.

Wani nau'in satar ba ya ma buƙatar taɓa kwamfutarka. Saƙo ne zai shigo da sunan mai kawo muku kaya, da tambarinsa da salon rubutunsa, yana cewa sun canza lambar asusu, a tura kuɗin wannan watan can. Ko a bugo waya a ce daga kamfanin POS ne, za a gyara matsala, a karanto lambar da ta shigo yanzu. Ana zaɓen lokacin da aiki ya yi zafi, ana kuma matsa lamba a ce da gaggawa. Doka ɗaya ta isa, amma sai kowane ma'aikaci ya san ta, har wanda ya fara jiya: duk canjin lambar asusu sai an kira mutumin a lambar wayar da aka riga aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Lambar tantancewa kuma ba a karanta wa kowa ita.

Idan ana karɓar oda ta waya, kada a rubuta lambar katin kwastoma a littafi. Ƙa'idar PCI DSS ta kamfanonin kati ta haramta ajiye lambobin tsaron da ke bayan kati da zarar an kammala biya.

Da yawa suna cewa suna da kwafin bayanansu, amma idan ka duba, faifan ajiyar yana nan jone a jikin kwamfutar kullum. Manhajar garkuwa da bayanai, wato mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, idan ta shigo, da shi za ta haɗa ta kulle. Haka fayilolin da ke daidaita kansu da ma'ajiyar intanet, lalatattun na iya hawa su maye gurbin masu kyau. Tsarin da aka fi sani shi ne 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da fayil ɗaya ka buɗe shi, don kada sai ranar buƙata ka tarar ajiyar ta daina aiki tun watanni.

Idan abin ya riga ya faru, kada ruɗewa ta sa a yi wa injin wankin gaba ɗaya nan take, wato a goge duk abin da ke cikinsa, domin da shi za a gano ta inda aka shiga. A zare wayar intanet, a kashe Wi-Fi ɗinsa, a kira banki da kamfanin da ke sarrafa biyan kati, a canza kalmomin sirri daga wata na'ura daban. Idan fansa ake nema, biya ba ya tabbatar da dawowar bayanai. Kafin a yanke shawara a duba shafin No More Ransom, wanda Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu daga cikin waɗannan manhajoji kyauta.