Yadda ake kula da dattijon da hawan jinin ido ya kama

A bayan ido akwai jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa, zare ne siri-siri sama da miliyan ɗaya. Kafin su fita daga ido sai sun ratsa wata 'yar saƙa mai huda-huda kamar rariyar tankaɗe. Idan ruwan cikin ido ya taru ya yi ƙarfi, sai ya riƙa danna rariyar nan baya har ta lotsa, ta yi tauri, hudojinta su karkace su shaƙe zaren. Zaren da ya mutu kuwa ya tafi ke nan. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira gilakoma. Galibi ba zafi, ba jan ido. Ganin gefe ke fara tafiya, shi ya sa Baba zai gane ka daga nesa amma ya yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida.

Da farko a kai shi asibitin ido, ko da sai an hau mota daga Ringim ko Kazaure zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A ce a auna ƙarfin ruwan idon, wanda a lafiyayyen ido yawanci tsakanin 10 da 21 yake, kuma a leƙa kan jijiyar, domin wani awonsa daidai amma rariyar ta riga ta lotsa. In yana da asma a faɗa, Timolol, wani maganin ɗigawa da ake bayarwa don wannan ciwo, na iya tayar da ita.

Sai ɗiga magani, inda aka fi yin kuskure. Ka wanke hannu, ka kwantar da shi a tabarma, ka ja fatar ƙasan idon, ka ɗiga ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Ya rufe idon, ya danne lungun da ke kusa da hanci na minti biyu. In magani biyu ne, a bar minti biyar tsakani. A haɗa lokacin da Asuba ko Isha'i don kada a manta.

Zai ce maka, "Yaro, wata uku ina sa wannan abu ban ga wani sauyi ba." Gaskiyarsa, amma aikin maganin tsare sauran gani ne. Kada kwalba ta ƙare ba a sayo wata ba, kada kuma a karɓi maganin ɗigawa a kemis ba takardar likita, wasu ƙara ƙarfin ruwan suke yi.

Ciwon yana bin jini. Ranar komawa asibiti, ƙannen Baba da 'ya'yansa da suka kai shekara 40 su shiga motar nan su ma.