Dabarar gane gangaren layi a lissafi

Jama'a masu yara a ƙaramar sakandare, ku bar sa su haddar fomula tukuna. Tambaya biyu ce kawai: layin ya hau nawa, ya matsa gaba nawa, sai a raba hawan da matsawar. Misali ɗigo (1,2) da (3,8), ya hau 6 ya matsa 2, gangare 3 kenan, wato duk taku ɗaya gaba sai ya hau uku. Inda suke tafka kuskure wallahi juya lambobi ne, in an fara da 8-2 to dole 3-1 ya biyo. In layin sauka yake, amsar da alamar ɗebewa za ta fito, na kwance kuwa sifili ne.