Yadda Mai Rubutu Don Sha'awa Zai Riƙe Alƙalaminsa a Lokacin Bukukuwa

Wanda yake rubutu don sha'awa yakan zuba wa lokacin hutu da bukukuwa ido tun daga nesa. Yana raya wa ransa cewa da zarar an tashi daga aiki ko an rufe makaranta, labarin nan da ya maƙale a babi na huɗu zai ga ƙarshensa. Sai hutun ya zo, gida ya cika da baƙi, ga ziyara, ga hidima, ga yara na son a kunna musu fim, a wayi gari mako biyu sun shuɗe bai ɗiga ko wasali ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar da ya koma kan labarin sai ya tarar ya huce. Ya manta yadda jarumar take magana, ya manta dalilin da ya sa ya kai ta gidan kawunta, dole ya ɓata wani makon yana neman bakin zaren.

Matsalar tana cikin lissafin farko. Hutun biki yana kawo lokaci, amma a gutsure yake kawo shi, minti goma nan, rabin awa can. Don haka burin da ya dace shi ne labarin ya kasance da ɗuminsa har hidima ta wuce, kuma littattafai da finafinai da taron jama'a su bar maka abin aiki a hannu.

Shiri kafin hidima ta kankama

Fara da sanin saurinka na gaskiya. Kwana uku a jere ka zauna minti 25 kana rubutu, ka ƙirga kalmomin kowace rana, ka ɗauki matsakaici. Idan a ranakun da ka saba kana yin kalma 600, to rabon lokacin biki ya zama kashi ɗaya cikin uku, wato 200. Kada ka raina wannan adadi. Kalma 200 sau kwana 14 ta ba ka 2,800, babi guda ke nan ko gajeren labari cikakke. Wanda ya ɗora wa kansa 1,000 a rana yakan gaza tun rana ta biyu, daga nan kunya ta hana shi buɗe fayil ɗin gaba ɗaya.

Sai takardar tuni, wadda ita ce ta fi komai muhimmanci a wannan shiri. Shafi ɗaya ne kawai. A ciki ka rubuta inda kowane tauraro yake a daidai inda ka tsaya, abin da yake nema, abin da ya sani da abin da bai riga ya sani ba, da ranar da ake ciki a labarin. A ƙasa ka jera fitowa uku masu zuwa, wato gutsuren labari da ke faruwa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kowace a layi ɗaya. Batun wa ya san me shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe bayan dogon hutu: marubuci ya dawo ya sa ƙanwa tana maganar sirrin da ba a faɗa mata ba sai babi biyu gaba.

Cikin fitowar da ka jera, kada ka sa wadda ta fi nauyi a littafin, irin wurin da asiri zai tonu ko wani zai mutu. Wannan tana son natsuwar awa biyu ko uku. Zaɓi hira tsakanin mutum biyu, ko siffanta wuri, ko wasiƙar da wani tauraro ya rubuta, abubuwan da ake iya yi a gutsure.

Game da lokaci, sassafe kafin gida ya tashi ya fi dare aminci, domin daren biki ba ya da tabbas kuma gajiya ta riga ta cinye kai. Tsarin minti 25 na aiki da minti 5 na hutu, wanda ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 ya kira shi Pomodoro, ya dace da nan sosai. Zama ɗaya ya isa. Sa waya a yanayin jirgin sama, saita agogo, idan ya buga ka tsaya ko da kana tsakiyar jimla. Hasali ma tsayawa a tsakiya ya fi, don gobe ka san ainihin abin da za ka fara da shi. Kada ka yi gyara a waɗannan kwanaki. Ranar da abin ya gagara ƙwarai, karanta shafin ƙarshe ka ƙara jimla ɗaya tak. Tsallake rana ɗaya ba ya kashe labari, kwana uku a jere ne yake sa ya fara zama baƙo.

Kayan aiki idan da tafiya

Yawancin rubutun hutu a waya ake yinsa, kuma a nan ake asara. Saka allon rubutun Hausa a Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, domin ka samu ƙ, ɗ da ɓ, sannan ka kashe gyaran kalma na kai-tsaye idan allon yana kan wani harshe, in ba haka ba zai riƙa canja maka kalmomi ba ka lura ba. Rubuta haruffa masu lanƙwasa tun farko. Bin shafi 30 daga baya ana raba "kasa" da "ƙasa" aiki ne mai cin rai, kuma umarnin nemo-ka-maye ba zai yi maka shi ba tunda kalmomin biyu duk daidai ne a wurinsu.

Idan Google Docs kake amfani da shi, kunna damar aiki ba tare da intanet ba tun kana da sabis, kafin ka kama hanya. Ajiye kwafi uku na aikinka a wurare mabambanta, ɗaya daga ciki nesa da kai, misali ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta ko filash, ɗaya ka tura wa kanka ta imel. Sa kwanan wata a sunan fayil da tsarin shekara, wata, rana, don su jeru da kansu. Aika wa kanka saƙo a WhatsApp ba ajiya ba ce, waya ta ɓata a cunkoso labari ya tafi da ita.

Mai littafin rubutu da biro kuwa ya sa lamba a shafukan, ya ɗauki hotonsu kowane dare.

Littattafai

Biyu sun isa. Ɗaya wanda ka taɓa karantawa kuma yake kusa da irin abin da kake rubutawa, ɗaya sabo, gajere, don jin daɗi kawai. Tsohon shi ne na aiki, domin tunda ka san ƙarshensa idonka zai bar bin labari ya koma kallon yadda aka ɗinka shi. Ɗauki babi ɗaya da fensir, a gefen kowane sakin layi ka sa alama: Z idan zance ne, A idan aiki ne ke faruwa, B idan bayani ne, T idan tunanin tauraro ne. Ƙirga su, sannan ka yi wa babinka haka. Sau da yawa sabon marubuci zai ga B ta mamaye shafukansa uku a jere, alhali a littafin da yake sha'awa ba ta wuce sakin layi biyu ba tare da wani ya buɗe baki ko ya motsa ba.

Kwafe sakin layi ɗaya da hannu, kamar kalma 150, yana koya wa hannu tsawon jimla da wurin numfashi fiye da karatu sau biyar. Amma a nan akwai tarko. Duk abin da ka kwafa ka sa shi cikin alamar zance, ka rubuta sunan mai shi da lambar shafi. Bayan wata shida ba za ka tuna wace jimla ce taka wace ce ta aro ba, kuma da yawan satar fasaha daga irin wannan sakaci take farawa. Haka nan kada ka karanta marubuci mai salo mai ƙarfi daf da zaman rubutunka, muryarsa za ta bi ka cikin shafin. Bar karatu zuwa bayan ka gama rabon ranar.

Baƙi za su nemi aro. Rubuta sunan littafi da na mai aro da rana, a gabansa. Wanda ba za ka iya jure rashinsa ba, ɗauke shi daga kantar littattafai kafin su iso. Idan abin sha ya zube a kan littafi, tsane shi da ƙyalle ba tare da gogawa ba, saka farar takarda marar rubutu bayan kowane shafi 20, tsayar da shi a buɗe gaban fanka, kana canja takardun idan sun jiƙe. Rana da dutsen guga suna lanƙwasa takarda su busar da gam ɗin bango.

Finafinai

A nan ne mai rubutu ya fi samun riba a lokacin biki, tunda ko ya so ko bai so ba za a kalli fim. Kallon farko tare da iyali ka bar shi ya zama na nishaɗi, sai dai ka riƙa satar kallon masu kallo. A wane minti aka fara ɗaukar waya? A ina aka yi tsit? A ina wani ya yi wa jarumi tsawa kamar yana jinsa? Wurin da aka ɗauki waya galibi wurin da jarumi ya daina neman wani abu ne, ko ake maimaita abin da mai kallo ya riga ya sani. Ciwon da ke sa mai karatu ya rufe littafi ke nan.

Kallo na biyu kai kaɗai, da takarda. A rubutun fim shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya a allo, shi ya sa fim mai minti 90 zuwa 120 yake da shafuka kusan haka. Zubin da aka fi bi kashi uku ne: rubu'in farko na gabatarwa, rabi na tsakiya na gwagwarmaya, rubu'in ƙarshe na warwarewa. Rubuta mintin da abu ya fara dagula wa jarumi rayuwa, mintin da ya ɗauki matakin da ba ya da komowa, da abin da ya juya a tsakiyar fim. Sannan ka auna daftarinka. Idan kana shirin littafi mai shafi 200 kuma har shafi na 80 rayuwar jarumarka tana tafiya lami lafiya, ka gano inda cutar take.

Sai ka zaɓi fitowa ɗaya mai minti uku ka kashe sauti. Rubuta abin da ka fahimta daga tsayuwa, kallo, da abin da hannaye suke yi. Maimaita ta ido a rufe, kunne kawai. Lura kuma da inda aka shiga fitowar da inda aka fita. Kusan kullum ana shiga ne magana ta riga ta yi nisa, a fita kafin a yi sallama. Yi wa hirarrakinka wannan aski, cire layukan farko da na ƙarshe ka ga ko an yi asarar wani abu.

Illar yawan kallo ita ce rubutu ya koma kamara, gani da ji kawai. Fim yana da kiɗa da fuskar ɗan wasa suna ɗaukar masa nauyin tausayi, takarda ba ta da su. Ita kuma tana da abin da allo yake wahala a kai: wari, zafin jiki, abin da ke cikin zuciya, da ikon tsallake shekara goma a jimla ɗaya. Idan ka ga shafinka ya cika da "ta kalle shi", "ya juya", "ta yi murmushi", fim ya shiga jininka da yawa. Shi kuma fim mai dogon zango, kashe masa ci-gaba na kai-tsaye da ke kunna kashi na gaba da kansa, kuma kada ka buɗe shi sai kalma 200 ɗinka sun cika.

Taron jama'a

Gidan da ya cika makarantar zance ce. Saurari yadda mutane ke katse juna da yadda ake amsa tambayar da ba a yi ba. Ɗa ya ce, "Inna, kin sha maganinki?" ita kuma ta ce, "Yayanka har yanzu bai kira ba." Ba ta amsa ba, amma ta faɗi duk abin da ke damunta. Irin wannan ake nema. Kada ka zaro littafi a gaban mutane, kada kuma ka ɗauki muryar kowa a ɓoye. Da dare rubuta layi biyar: magana ɗaya da ka ji, motsin jiki ɗaya, wari ko ƙara ɗaya, wani abu da ka gani a hannun wani, da tambaya ɗaya da ta tsaya maka.

Abin da ka ji a cikin dangi amana ce. In za ka gina tauraro a kan wani, canja aƙalla abu uku manya, kamar shekaru, sana'a da dangantaka, sirrin da zai tona mutum kuwa ka bar shi inda ka ji shi. Wanda ya nemi ganin abin da kake rubutawa, ba shi aikin da ka kammala. Ɗanyen daftari ba ya jure dariyar taro.

Idan labarin biki kake son rubutawa, tattara kayansa bana ka fitar da shi baɗi, domin masu buga irin wannan rubutu sukan neme shi watanni kafin lokacin.

Komawa

Ranar farko bayan hidima karanta takardar tuni da duk abin da ka rubuta, ba gyara. Rana ta biyu kwashe na littafin hannu zuwa kwamfuta, ka raba layuka biyar-biyar ɗin nan gida biyu, waɗanda za su shiga wannan labari da waɗanda za su jira wani. Daga rana ta uku ƙara kalma 100 kowace rana har ka koma adadinka na da, sannan ka tunkari fitowar nan mai nauyi da ka ajiye, a ranar da ka tabbatar kana da awa biyu ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.