Shawara ga ƙananan ƙungiyoyin da ke neman tallafin kuɗi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce su kammala takardunsu tun kafin a buɗe ƙofar neman tallafi, domin wa'adin da ake bayarwa ba ya isar wanda zai fara daga tushe. A Nijeriya, ana buƙatar rajistar amintattun ƙungiya a Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista bisa dokar kamfanoni ta 2020, da asusun banki mai sunan ƙungiya, ba na shugabanta ba. Bankuna kuma kan nemi shaidar rajista da SCUML, wato sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rashin sanin abin da mai bayarwa yake so. Ofishin jakadancin Japan da ke Abuja yana tallafa wa ayyukan da ido ke gani, kamar ajujuwa, ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse, amma ba ya biyan albashin ma'aikata ko kuɗin hayar ofis. Wanda ya cusa albashi a kasafinsa ya ɓata takardarsa da hannunsa. Gidauniyar TY Danjuma kuwa ta fi karkata ga lafiya da ilimi.

A wajen kasafi, a rubuta farashin buhun siminti da na kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, a haɗa da takardar farashi daga dillali, domin dunƙulallen adadi yana jawo zargi. Duk wanda ya nemi ku biya kuɗin fom ko na “hanya” kafin a ba ku tallafi, ku guje shi, ɗan damfara ne.